Zaman Jama'a Da Lokacin Hutu Ga Masu Samun Horo A Japan

Hukumar Haɗin Gwiwar Ƙasa da Ƙasa ta Japan, wato JICA, wadda aka kafa a shekarar 1974, tana karɓar ma'aikata daga ƙasashe masu tasowa domin ba su horo. Masu koyon noman shinkafa galibi a cibiyarta ta garin Tsukuba ake sauke su.

Kewar gida da rashin jin harshe kan fi wahalar da baƙo fiye da karatun kansa. Saboda haka ake shirya darussan Japananci da ziyarar makarantu da gidajen 'yan ƙasa. Bai kamata jami'i ya kulle kansa a ɗaki bayan an tashi aiki ba.

A ranakun Asabar da Lahadi wasu kan hau Dutsen Tsukuba mai tsayin mita 877, wasu kuma su shiga jirgin ƙasa zuwa birnin Tokyo, tafiyar kimanin minti 45, inda masallacin Tokyo Camii yake.

Ana tunatar da waɗanda aka zaɓa cewa ba a shiga gidan mutanen Japan da takalmi, ba a kuma ɗaga murya cikin jirgi. Makara kuwa, ko ta minti biyar ce, abin kunya ne a wurinsu.