Tsufa a Gaɓar Bakolori: Talauci da Ciwon Damuwa Tsakanin Dattawan Zamfara ta Yamma

A shekarar 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta na tsufa cikin kuzari, ta ɗora shi bisa abubuwa uku: lafiya, shiga harkokin jama'a, da tsaro. Ƙasar Sin na cikin waɗanda suka auna tsofaffinsu da wannan ma'auni da gaske, domin ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutum miliyan 264 da suka kai shekara 60. Tun 2011 Jami'ar Peking take bibiyar dubban gidaje, kuma sakamakon kan karkata waje guda: alamun ciwon damuwa sun fi yawa ga tsohon ƙauye a kan na birni, ga mace a kan namiji, ga mara abin hannu a kan mai shi. Wannan maƙala na da'awar cewa haka lamarin yake a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma yawancin abin da muke kira halin tsufa a nan tabon talauci ne da rabuwa da gona.

Su wane ne tsofaffin wannan yanki a yau? Wanda ya kai shekara 70 yanzu saurayi ne lokacin da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978. A gabansa ruwa ya cinye garuruwa da gonaki. A gabansa aka hana mutane shuka damina bayan damina, ana baje ƙasa ana haƙa magudanai, diyya kuwa ta zo a makare, ga wasu ma ba ta zo ba. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta amsa mutuwar mutane ƙalilan, mutanen yankin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Mai bincike Bjorn Beckman ya yi rubutu kan wannan arangama ta talakawa da hukuma, wani mai binciken kuma, William Adams, ya nuna yadda madatsar ta rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun da ke ƙasa da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Wannan tarihi bai wuce ba, yana zaune a zauruka. Da aka sake rabon ƙasa, ƙaramin manomi da ya kasa biyan kuɗin ruwa da taki da garma yakan jinginar da gonarsa ko ya sayar wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci. Wanda ya riƙe tasa ya tsufa yana da shinkafar rani da ta damina, 'ya'yansa na kusa da shi saboda akwai abin gado. Wanda ya rasa ya tsufa yana ƙwadago, 'ya'yansa sun tafi cirani. Tsararraki ne, unguwa ɗaya, masallaci ɗaya, amma tsufansu ya sha bamban tun daga wata takarda da aka dangwala wa hannu shekara 40 da suka wuce.

Tazarar ta fi haka faɗi idan aka ɗaga kai sama. Waɗannan ƙananan hukumomi uku kowace ta ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Har zuwa Nuwamban 2019, lokacin da majalisar jiha ta soke ta, akwai dokar da ta ba tsohon gwamna naira miliyan 10 duk wata na kula da kai. A daidai wannan lokaci Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar a ƙarƙashin layin talauci. Manomi da makiyayi da mai soya ƙuliƙuli ba su da fansho ko na kwabo, alhali su ne mafi yawan tsofaffinmu.

Saboda haka dole a yi hattara da batun tsufa cikin kuzari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo. Tsohonmu ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Je ka bakin magudanar Bakolori lokacin da shinkafa ta fara nuna, za ka ga dattijo tun hantsi yana jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye yana korar tsuntsu, a gonar da ba tasa ba, ga gwiwa ta kumbura. Wannan aikin tilas ne. Abin da ke raya zuciyar tsoho shi ne aikin da ke da daraja a idon mutane: a kira shi ya nuna iyakar gona, ya karɓi sadaki, ya sasanta ma'aurata, ya zauna a rumfarsa ranar kasuwa ana gaishe shi. Tsohuwa kuma ta karɓi haihuwa, ta yi wa mai jego wanka, ta dafa daddawarta ta ba jika ya kai talla, kuɗin ya shigo hannunta ba tare da ta roƙi kowa ba.

Waɗannan su ne 'yan bindiga suka rusa. An san labarin sace 'yan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairun 2021, da harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, da sace ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da kakannin irin waɗannan yara suke shiga. Kuɗin fansa daga gona da shanu yake fitowa, su ne kuwa fanshon tsohon ƙauye. A Satumban 2021 ɗin aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Ko da an yi haka don tsaro, tsohuwar da ke jiran aike daga ɗanta da ke Legas ta zauna babu kuɗi babu labari. Dattijon da ya gudo Mafara ya sami ɗan wuri a zauren wani dangi; ba a tambayarsa iyakar gonar kowa, ba ya cikin sahun gaba, abincinsa sai an tuna da shi. Sannu a hankali ya rage magana, barci ya ƙaurace masa, ya daina fita majalisa. Sai a ce tunani ne ya yi masa yawa, ko gigin tsufa ya kama shi.

Likitoci na kiran wannan hali ciwon damuwa, kuma yana da magani. Binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a ƙasar Yarbawa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2007, ya gano cewa kusan kashi 26 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65 sun taɓa fama da matsanancin ciwon damuwa, kuma mafi yawansu ba su sami magani ba. Can ba a kore su daga garuruwansu ba. A nan kuwa asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa mafi kusa yana Kware, sai an wuce Sakkwato, ga tsoron hanya, ga kunyar a ce an kai Baba asibitin mahaukata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, da Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, duk ci gaba ne, amma amfaninsu sai ranar da ma'aikacin ƙaramin asibitin mazaɓa ya iya tambayar tsoho barcinsa da cinsa bayan ya auna masa hawan jini.

Za a ce mu Musulmi ne, muna da zumunci da zakka, ba ma yar da iyaye. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a gina gidajen tsofaffi. Sai dai zumunci da hatsi ake yin sa. Ɗan da ya biya harajin 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, sannan ya ciyar da marayun ƙaninsa, son mahaifinsa bai ragu ba, rumbunsa ne ya ƙare. Sinawa ma suna alfahari da biyayya ga iyaye, duk da haka a 2009 suka fara ba tsohon ƙauye yuwan 55 a wata. Kuɗin kaɗan ne, amma yana zuwa kan lokaci kuma a hannun tsohon yake sauka. Jihar Ekiti ta gwada irin wannan a 2011 da naira 5,000. Tsohon da zai iya sayen maganinsa da goronsa, ya ba jika na kashewa, ya dawo cikin masu bayarwa, kuma wannan kansa magani ne.

Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a cikin Talata Mafara. Ina kira ga malaman waɗannan makarantu su shiga mazaɓa mazaɓa su ƙirga tsofaffi, su tambaye su gona da barci da wanda ke ciyar da su, ga majalisar jiha kuma ta kafa dokar ɗan alawus na wata ga duk wanda ya kai shekara 65 ba shi da fansho, a fara da 'yan gudun hijira da zawarawa.