Ƙafa da Birki: Yadda Kanikawa Suka Raya Fijo a Hanyar Sheme

Sheme, a ƙaramar hukumar Faskari, na bisa titin da ya taso daga Funtua ya nufi Yankara da Tsafe har Gusau, kuma daga nan ne hanyar Ƙanƙara ta ratse. Shekaru da dama motar da ta mallaki wannan titi ita ce Peugeot 504, wadda Hausawa suka raɗa wa suna Fijo. Ana yawan yaba mata da ƙarko, amma yabon ya kamata a raba shi biyu: rabi ga waɗanda suka ƙera ta, rabi ga kanikawan da suka yi ta gyara ƙafarta da birkinta bayan kayan kamfani sun gagari aljihu.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna, wato PAN, ta fara harhaɗa motoci. Da gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, sai Fijo ta zama motar hukuma. Daga ofis ta gangaro tasha.

Abin da ya sa ta dace da hanyoyin Arewa yana ƙarƙashinta. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, sifirin ɗinta kuma yana da doguwar tafiya, ta yadda taya za ta faɗa rami ta fito ba tare da jikin motar ya sha dukan ba. Samfurin wagon, mai kujeru layi uku, an ba shi sifirin bibbiyu a kowane gefe na baya domin ɗaukar nauyi. Akori-kura kuwa an yi mata na falle-falle, shi ya sa take jure buhunan masara da auduga daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa zuwa kasuwar Funtua.

Sai dai mota daga ƙasa take tsufa. Robar bushin tana bushewa ta tsage, shokoba ta tsiyaye mai ta mutu, gaɓoɓin sitiyari su yi lako-lako, takalmin birki ya cinye. A shekarun arzikin man fetur maganin duk wannan ɗaya ne: a cire tsoho a sa sabo. Naira ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980, Kaduna kuma ba ta da nisa.

Lamarin ya juya a 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin SAP. An karya darajar naira a watan Satumba, kafin ƙarshen shekara dala ta haura naira uku, tana kuma ci gaba da hawa. Tun da yawancin sassan da ake haɗa motar da su daga waje suke zuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon kayan gyara ya fi ƙarfin direba. Motar da aka saya don shekara biyar sai ta zama ta shekara ashirin.

A nan bakanike ya tashi daga mai sauya kaya ya koma mai ƙirƙira. Aka riƙa yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Aka riƙa ƙara falle a sifirin ɗin akori-kura don ta ɗauki abin da ya wuce ƙa'idarta. Takalmin birkin baya da ya cinye, a kankare shi a manna masa sabuwar fata da ƙusoshi. Mai walda ya ɗinke wurin da mazaunin shokoba ya tsage. Wannan ilimi ba a makaranta aka same shi ba. Yaro ne ke shafe shekaru a gaban ubangidansa, yana wanke sifana yana sauraren ƙarar ƙafa, har ya iya bambanta kukan bushin da na gaɓa. Daga shekarun 1990 kuma kayan Baljiyam, waɗanda aka kwance daga tsofaffin motocin Turai, suka cika kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, tare da sababbin kaya masu araha daga Nnewi da Asiya, masu kyau da na jabu a gauraye.

Dabarar tana da iyaka. Bushin na taya yakan yi tauri, amma yana riƙe mota. Birki kuwa ba ya karɓar arha. Man birki yana shan danshi a hankali, idan ya yi zafi ya tafasa, feda ta nutse. Direban da ya zuba ruwan sabulu a madadinsa ya sayi tsatsa da haɗari da kuɗinsa. Ƙafa da birki ma ba sa rabuwa: shokobar da ta mutu tana barin taya ta yi ta tsalle, tayar da ba ta manne da kwalta ba kuwa birki ba shi da iko a kanta. Kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988 bai sauya lissafin direban da zai zaɓa tsakanin gyara da cefane ba.

An daina haɗa 504 a Kaduna a 2006. Golf da Sharon da sauran motocin gwanjo sun gaje ta a tasha, kuma yawancinsu an ƙera su ne don titunan Turai masu santsi, don haka ƙafarsu ta fi saurin lalacewa. Ga kuma sabon dalili: tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, motar da gaɓarta ta ɓalle a daji dab da magariba ba asarar lokaci kaɗai ta jawo ba. Fasinjan da ya shiga mota a Sheme yau yana dogara ne, ko ya sani ko bai sani ba, ga bakaniken da ya kwanta ƙarƙashinta jiya, da kuma ko direban ya yarda ya biya kuɗin abin da aka ce ya sauya.