Daga Garmaho Zuwa Memori: Yadda Aka Yi Farautar Sauti a Ƙasar Bici

Shekarun baya, wanda yake son jin kiɗa a ƙauyukan Bici sai ya taka da ƙafarsa zuwa inda makaɗi yake. Gangar noma tana wurin gayya, kalangu yana rumfar mahauta ranar kasuwa, gaɗa kuma tana dandali da dare. Yau kuwa yaro a Saye ko Danzabuwa yana yawo da ɗaruruwan waƙoƙi a aljihu. Tsakanin waɗannan zamuna biyu na'urori sun zo sun wuce, kowace da alƙawarin ta fi ta baya fitar da murya. Sai dai duk wanda ya bi tarihinsu zai ga cewa a karkara ba sunan na'ura ne yake yanke hukunci ba. Wuta ce, da ƙura, da lasifika, da kuma tambayar da masu saye ba su cika yi ba: wannan kwafin daga ina aka kwafo shi?

Garmaho ne ya fara buɗe ƙofa. Emile Berliner ya yi masa rajista a Amurka a 1887, kuma a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Garmaho akwati ne da ba ya bukatar lantarki. A murɗa masa hannu, faifai ya riƙa juyi sau 78 a minti guda, allurar ƙarfe ta bi layin da aka zana, murya ta fito. Fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai, don haka mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa dole ya dunƙule ta. Ƙa'ida ita ce a sauya allura bayan kowace fuska, amma wa zai yi wannan almubazzaranci alhali allurar sai an je Kano? Allurar da ta dakushe kuwa cin faifan take yi, har waƙa ta koma ƙara. Ga rana da ke lanƙwasa faifai, ga shi da saurin fashewa. Shi ya sa garmaho ya tsaya a gidajen sarauta da na attajirai da manyan ma'aikata, talaka sai dai ya ji daga zaure.

Rediyo ma da farko ta birni ce. Wadda aka kafa a Kano a 1944 ta waya ce, ana ja ta zuwa akwatunan da aka maƙala a gidaje da wuraren taruwa. Sai da ƙaramar rediyo mai batir ta yawaita sannan manomi ya samu shiga, ya kama Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da Rediyon Kaduna da ya fara a 1962. Kuɗin gyaɗa ne suka sayi da yawa daga cikin waɗannan rediyoyi, in kaka ta yi kyau.

Amma zamanin da ya fi daɗewa a zukatan mutane shi ne na kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kaset ɗin kuma ya cika Arewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga hannun ma'aikata, alhazai kuma suna dawowa daga Makka da rikoda a kafaɗa. Nan ne Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge suka shiga ɗakuna da gonaki da teburan masu shayi. Nan ne kuma karatun Husari, wanda ya ɗauki Alƙur'ani cikakke a Masar a 1961, da tafsirin malaman Kano da Kaduna suka isa ƙauyen da ba su taɓa takawa ba.

Kaset ya koya wa mutane ilimin sauti ba tare da sun shiga aji ba. Batir ya fara sanyi, muryar Shata ta yi nauyi tana jan ƙafa, sai a ciro batiran a shanya a rana ko za su ƙara kwana. Ba a ɓata batir wajen mayar da zare baya, biro ake zurawa a ramin kaset a juya. In murya ta dushe, mai gyaran rediyo zai ɗiga sifirit a auduga ya goge kan da zare yake bi, sannan ya kunna kaset, ya kara kunne, ya riƙa juya wani ɗan mitsitsin sukuru a hankali har sautin ya washe. Abin da yake yi shi ne daidaita tsayuwar kan da zaren, aikin da injiniyoyi suke yi da na'urar awo, shi kuwa da kunne kawai. Samari masu son gangar ta yi dumu sukan ɗora lasifika a bakin tulu ko randa. Dabarar tana da tushe: iskar da ke kulle a ciki tana hana sautin bayan lasifika ya kashe na gabanta, daidai aikin akwatin katako na kamfani.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne kwafi. A kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, inda harkar kaset ta yi sansani, a wancan zamani ana jera rikoda ana kwafa daga uwa zuwa 'ya'ya. Dillali ya kai ƙauye, wani ya ara ya kwafa, wani ya kwafa daga nasa. Kowane hawa yana ƙara shuu, yana rage kaifin kalangu. Kafin waƙa ta isa kasuwar Badume ta yiwu jikanyar jikanya ce.

Faifan sidi, wanda Philips da Sony suka fitar a 1982, ya zo da maganin wannan ciwo. Sautin lambobi ne, ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma kwafi na goma daidai yake da na farko muddin ba a taɓa shi ba. Sai dai ba ta ƙofar waƙa faifai ya shigo ƙasar Bici sosai ba, ta ƙofar fim ya shigo. Finafinan Hausa, da suka fara da Turmin Danya a 1990 a kaset ɗin bidiyo, sun koma faifai a shekarun 2000, daidai lokacin da na'urorin Sin masu araha suka cika kantuna. Na'ura ɗaya tana cin sidi, tana cin VCD da DVD, tana karanta MP3, daga baya ma aka yi mata ramin filashi. A Turai da Japan masu kuɗi suna sayen irin wannan mai-cin-kowane-faifai ne don su saurari SACD, wanda ya fito a 1999, da takwaransa DVD-Audio. A nan kuwa amfaninta shi ne duk abin da mai talla ya kawo za ta ɗauka.

To, an samu sautin da aka yi alƙawari? Ba kasafai ba, kuma ba laifin na'urar ba ne. 'Yan kasuwa sun gano cewa faifan da aka cusa wa finafinai da yawa ko waƙoƙi ɗari ya fi tafiya. Don su shiga sai an matse su, kuma MP3 na gama-gari bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin sautin sidi ba. Wasu tsofaffin waƙoƙin ma daga gajiyayyen kaset aka ɗora su a faifai, da shuu ɗinsu da komai. Sannan mafi yawan gidaje ta 'yar lasifikar talabijin suke ji. Masu gidajen kallo da masu kiɗan biki ne suka gane bakin zaren: su ja jar waya da fara daga bayan na'ura zuwa amfilifaya, su ɗaga lasifika daga ƙasa, su sa sitabilaiza saboda wutar NEPA da ta janareta ba su da alƙibla. Da hunturu kuma ƙura takan rufe idon na'ura, faifai ya riƙa tsalle ko ta ƙi karantawa. Masu gyara suna goge idon da auduga, suna kuma gargaɗin a rufe na'ura da ƙyalle, a goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Mulkin faifai bai yi tsawon na kaset ba. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kuma da memori ya yi araha sai sana'ar ta koma hannun masu tura waƙa da kwamfuta a bakin kasuwa. Yanzu ba allura, ba zare, ba ido, amma tsohuwar matsalar tana nan: fayil ɗin da aka matse, aka sake matsewa a WhatsApp, ana jin sa ta lasifikar waya.

A cikin adakoki da akwatunan gidajen Bici har yanzu akwai kaset na asali, wasu na kamfani, wasu kuma an ɗauke su ne a wurin biki ko wa'azi, babu kwafinsu a ko'ina. Zafi da damshin damina suna cin zarensu kowace shekara. Duk mai irin wannan ajiya ya nemi rikoda mai lafiya, a goge mata kai, a juye abin da ke ciki a kwamfuta ba tare da an matse shi ba, tun zaren bai manne ba.