Addu'a da Zumunta da Allah Kowace Rana

Addu'a ita ce maganar ɗan Allah da Ubansa na sama, cikin sunan Yesu Kristi, da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Zumunta da Allah kuwa ita ce zaman tare da ke fitowa daga wannan magana: mu saurare shi ta wurin Maganarsa, mu amsa masa da addu'a, sa'an nan mu yi biyayya. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ɗan'uwan da ba ka zuwa wurinsa sai ranar da kake neman rance, zumuncinku ya riga ya yi sanyi. Haka yake tsakanin mai bi da Ubangijinsa.

Wannan koyarwa ta shafi kowace ikilisiya, amma ta fi matsa wa masu bi da ke zaune a wuraren da suke 'yan kaɗan. A garuruwa irin su Aujara a Ƙaramar Hukumar Jahun, da ƙauyukan Kiyawa, Miga da Birnin Kudu, Kirista yakan kasance malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwa, mai yi wa ƙasa hidima ko manomi, wani lokaci kuma tsakaninsa da majami'a akwai tafiya. Wanda ya jingina rayuwarsa ta ruhaniya a kan sujadar Lahadi kaɗai, zai yi kwana shida da yunwa.

Tushen addu'a

Ba yawan kalmominmu ko kyawun halinmu ne ke buɗe mana ƙofa ba. Ibraniyawa 4:14-16 ya koya mana cewa muna da Babban Firist, wato Yesu, wanda ya san kasawarmu, saboda haka muna iya matsowa gaban Allah ba tare da fargaba ba. Romawa 8:15 ya nuna cewa Ruhun da muka karɓa ya mai da mu 'ya'ya, har muna kiran Allah Uba. A aya ta 26 kuma Bulus ya ce Ruhun yana taimakonmu sa'ad da muka rasa abin faɗa. Don haka wanda bai iya tsara magana ba kada ya ji kunya. Mai karɓar haraji na Luka 18 jimla ɗaya tak ya yi, yana roƙon jinƙai, shi ne kuwa ya koma gida baratacce.

Lokaci da wuri

Littafi Mai Tsarki ya umarce mu mu yi addu'a ba fasawa (1 Tasalonikawa 5:17), amma mutanen da suka yi hakan suna da lokutan da suka keɓe. Dawuda ya ambaci maraice, safiya da tsakar rana (Zabura 55:17). Daniyel, baƙo a ƙasar da ba a bauta wa Allahnsa, yakan durƙusa sau uku a rana, dokar sarki ma ba ta sa ya sauya ba (Daniyel 6:10). Bitrus da Yahaya sun tafi Haikali a lokacin addu'ar ƙarfe uku na yamma (Ayyukan Manzanni 3:1). Ubangijinmu kansa ya tashi tun da sauran duhu ya nemi wurin da ba kowa (Markus 1:35). Wani tsohon littafin koyarwa na ikilisiyar farko, wanda ake kira Didake, ya gargaɗi masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana.

A Jigawa ba wanda yake bukatar agogo don ya san asuba ta yi. Maƙwabtanmu Musulmi suna tashi kullum, rani da damina, su bar ciniki da hira idan lokacin salla ya yi. Mai bi da yake jin wannan kowace safiya ya kamata ya tambayi kansa ko shi ma yana da lokacin da ya tsayar domin Ubangijinsa. Babu dokar da ta ɗaure mu da sa'a kaza, amma 'yancin da muke da shi ba hujjar sakaci ba ne.

Ka zaɓi lokacin da ya dace da aikinka. Manomi a damina ya yi kafin ya ɗauki fartanya, domin in ya dawo gajiya ta riga ta cinye shi. Uwar gida ta yi kafin ta hura wuta, ko bayan yara sun tafi makaranta. Mai aikin dare a asibiti ya sa nasa lokaci da rana. Minti 15 na kowace rana ya fi sa'a uku sau ɗaya a wata. Game da wuri, Matiyu 6:6 ya yi maganar shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wanda ke ɗakin haya da mutane da yawa, gindin bishiya, bayan rumbu ko ajin da yara ba su iso ba tukuna ya ishe shi.

Abin da addu'a ta ƙunsa

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu 6:9-13 ita ce ma'auninmu. Rabinta na farko ya shafi Allah: sunansa, mulkinsa da nufinsa. Rabi na biyu ya shafi bukatunmu: abinci, gafara da kariya daga Mugun. Daga nan masu koyarwa suka saba kasa addu'a kashi huɗu.

1. Yabo. Ka fara da tuna wane ne Allah: mai tsarki, mai iko duka, mai aminci. Baiti ɗaya daga Littafin Waƙoƙi yakan taimaki zuciyar da ta yi nauyi.

2. Furta zunubi. Ka ambaci laifin da sunansa: ƙaryar da ka yi a kasuwa, mudun da ka tauye, zafin da ka yi wa matarka. Alkawarin gafara yana 1 Yahaya 1:9.

3. Godiya. Ka lissafta abin da ka riga ka karɓa. Kutare goma aka warkar, ɗaya ne ya dawo (Luka 17:11-19).

4. Roƙo. Ka roƙa domin waɗansu, sa'an nan domin kanka. Kuɗin makaranta, taki, ruwan shuka, ciwon yaro, duk ba su yi ƙanƙanta da za a kai gaban Uba ba (Filibiyawa 4:6).

Maganar Allah da addu'a

Hirar da mutum ɗaya ne kawai ke magana ba hira ba ce. Kafin ka buɗe baki, ka buɗe Littafin. Zabura suna da 150; mai karanta biyar a rana zai gama cikin wata ɗaya. Karin Magana sura 31 ne, sura ɗaya ga kowace ranar wata. Sabon Alkawari sura 260 ne, mai karanta ɗaya kullum zai kammala kafin wata tara. Bayan karatu ka yi tambaya uku: me wannan ya koya mini game da Allah, me ya nuna mini game da kaina, me zan yi yau? Amsoshin nan su ne kayan addu'arka.

Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ko jikarsa su karanta masa, ko ya saurari Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya. Ya haddace aya ɗaya a mako, ya riƙa bimbini a kanta a gona ko a bakin rijiya.

Gadon da muka tarar

Bisharar da ta iso mana an haife ta cikin addu'a da jira. A watan Disamba 1893 Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar Sudan. Cikin 1894 Kent ya rasu a Bida, Gowans kuma a Girku. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki na SIM aka sami ECWA a 1954. Dakta Walter Miller na CMS, wanda ya zauna a Zariya, ya yi shekaru yana aikin fassara tare da abokan aikinsa, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. A shekarun da suka biyo baya SIM ta yi aiki a wurare kamar Roni, a ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991.

A farkon shekarun 1960 kuma aikin Sabon Rai Don Kowa ya tashi, wanda Gerald Swank na Kagoro yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ƙashin bayansa shi ne ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje: mutane kaɗan su taru su yi roƙo domin maƙwabtansu da suna, kafin su fita shaida. Wannan tsari bai bukaci gini ko lasifika ba, shi ya sa har yau ya dace da garin da masu bi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Addu'a a gida da cikin 'yan'uwa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu a gida. Sujadar iyali ba ta bukatar tsawo: waƙa ɗaya, ɗan karatu, tambaya ɗaya ga yara, sa'an nan kowa ya yi gajeriyar addu'a. Maigida ya jagoranta, in ba ya nan uwar gida ta riƙe. Zumuntar Mata ta daɗe tana nuna wa ikilisiyoyin Arewa amfanin taruwa a kai a kai domin addu'a da ziyara. Maza da matasa su yi koyi. Inda babu fasto ko mai bishara, masu bi biyu ko uku su tsai da rana ɗaya a mako, bisa ga alkawarin Matiyu 18:20.

Abubuwan da ke hana addu'a

Littafi Mai Tsarki ya ambace su dalla-dalla: zunubin da aka ɓoye a zuciya (Zabura 66:18), ƙin gafartawa (Markus 11:25), wulakanta mata (1 Bitrus 3:7), roƙo don son kai (Yakubu 4:3), da zuciya biyu (Yakubu 1:6-8). Mai zuwa majami'a da rana, ya bi boka da dare neman laya, shi ne mai zuciya biyu. A zamaninmu akwai kuma waya: wanda ya fara da WhatsApp kafin ya fara da Allah, da wuya hankalinsa ya dawo. A kula kuma da masu sayar da addu'a, ko ruwa da mai da suke cewa suna ɗauke da iko. Siman mai sihiri ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:18-23).

Idan amsa ta yi jinkiri

Akwai masu bi da suka yi addu'a domin gonakinsu, duk da haka ambaliyar 2022 ta cinye amfanin gona a sassa da dama na Jigawa. Akwai waɗanda suka ga an ƙona majami'u a Dutse cikin Satumba 2006. Bangaskiya ba ta hana mu kuka. Zabura 13 da 88 kukan bayin Allah ne. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ba shi alherin jurewa maimakon haka (2 Korintiyawa 12:7-10). Yesu a Getsamani ya miƙa nufinsa ga nufin Uba. Habakuk ya ƙudura zai yi murna da Ubangiji ko da gona da garke sun zama wayam (Habakuk 3:17-18). Irin wannan tsayuwa ba a koyonta ranar masifa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A irin wannan lokaci ne kuma ake gwada umarnin Matiyu 5:44, cewa mu yi addu'a domin masu tsananta mana. Irmiya 29:7 ya ce a nemi lafiyar garin da ake zaune, 1 Timoti 2:1-2 kuma ya sa shugabanni cikin roƙonmu. Saboda haka mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki, gwamna da maƙwabcin da kuke katanga ɗaya, duk su shiga addu'arka da suna. Da wuya ka ci gaba da ƙin mutumin da kake ambata a gaban Allah kowace safiya.

Matakin farko

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka tsai da lokaci da wuri tun yau. Ka fara da Bisharar Markus, sura ɗaya a rana. Ka sami ɗan littafi ka rubuta sunayen mutum biyar da za ka riƙa roƙo dominsu, da ranar da ka fara, ka bar fili don rubuta amsa. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya da zai tambaye ka ran Lahadi yadda makon ya tafi. In ka tsallake rana, ka ci gaba washegari ba tare da fid da zuciya ba. Yakubu 4:8 ya tabbatar mana cewa wanda ya kusaci Allah, Allah zai kusace shi. Ubangiji ya ba mu alherin nacewa. Amin.