DAGA GAISUWAR FADA ZUWA ANKON OFIS: TARIHIN "AN LURA BA KA ZO BA"

Jiya bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu a Gwammaja, sai ga wani ƙanenmu ya zo ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Yaya, dan Allah duba min wannan." Group ɗin WhatsApp ne na wajen aikinsu. An yi wa oga ƙarin girma, za a yi masa walima ranar Asabar. Kowa zai ba da dubu goma, ga anko na dubu goma sha biyar, sannan an jero sunayen ma'aikata tun daga na ɗaya har na ƙarshe, duk wanda ya biya an sa masa alama a gaban sunansa. Sunansa na cikin huɗun da ba su da alama. A ƙasa sakatare ya rubuta wai ba dole ba ne, amma ana sa ran ganin kowa.

Yaron nan albashinsa bai fi mafi ƙarancin albashi da wani abin kirki ba, kuma kun san na Jihar Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024. Matarsa na da tsohon ciki. Asabar ce kaɗai ranar da yake zuwa gaida mahaifiyarsa. Ya ce min, "Wallahi Yaya ba kuɗin ne kawai ba. Ranar Litinin ɗin nake ji, yadda za a riƙa kallona."

Muna wannan magana ne ba nisa da gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna, inda kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Shi ya sa na ce bari in ɗan ja mu baya. Abin da ke damun ƙanen nan nawa ya girmi WhatsApp, ya ma girmi Nijeriya.

Mu fara da abin da yake namu mai kyau, kada a ce na zo rusa zumunci. Bahaushe yana da gayya. Ka kira mutane noman gonarka, ka ciyar da su, a yi kiɗa, gobe in an kira ta wani kai ma ka ɗauki fartanya. Mata suna da biki. A littafin Baba of Karo da Mary Smith ta fitar a 1954, tsohuwar ta ƙasar Zazzau ta bayyana yadda ƙawaye ke kai wa juna gudummawa a suna da aure, wadda aka kai wa ta rama in na ɗayar ya tashi. Ku lura da abu biyu a nan. Tsakanin tsara da tsara ake yi, kuma abin yana dawowa. Kai ka zaɓi abokin bikinka, ba wanda ya rubuta maka shi a takarda.

Gefe guda kuma akwai wata hanyar da kyauta ke bi, wadda ba ta dawowa: daga ƙasa zuwa sama. Sunanta gaisuwa. A littafin Kitab al-Farq, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa abubuwan da yake tuhumar sarakunan Hausa na zamaninsa da su, kuma ya kira su da sunayensu na Hausa. Akwai jangali, akwai kuɗin gari, akwai kuɗin salla, akwai gaisuwa, wato abin da talaka ke riƙowa kafin ya ga mai mulki. Akwai kuma gargaɗi, kiran fita yaƙi na dole, wanda duk ya ƙi fita sai a ci shi tara. Sama da shekara ɗari biyu kenan da wani malami ya zauna ya rubuta cewa kyautar da ba ka isa ka ƙi bayarwa ba haraji ce, ko da an sa mata suna mai daɗi.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su kashe wannan tsari ba, ofis suka yi masa. Aka kafa En'e, aka kafa baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai da malaman ofis albashi. A takarda, ma'aikaci ya zama mai cin albashi saboda aikinsa. A zahiri kuwa barantaka tana nan. Malamin haraji ko malamin asibiti ko malamin makaranta na En'e ya san cewa ci gabansa na hannun wanda yake yi wa fadanci. Ana so a gan ka wajen gaisuwar Juma'a, a gan ka a rakiya in uban gida zai yi tafiya, a gan ka wajen tarye in ya dawo, a gan ka da salla. Babu dokar da ta rubuta haka, kuma ba a buƙatar ta, tunda kowa ya san abin da ke samun wanda ba a gani. M. G. Smith, mijin Mary Smith ɗin nan, ya yi dogon bayani kan barantaka da gaisuwa a littafinsa kan mulkin Zazzau na 1960. Kai, shi kansa sarki an sama masa wanda zai je gayarwa. Hawan Nassarawa da muke kallo yau da sha'awa, asalinsa ziyarar da sarki ke kai wa Razdan ce bayan salla.

Talaka kuma aka ɗauki sunan gayya aka lulluɓe aikin tilas da shi. Layin dogo da ya iso Kano a 1911, da ƙarfin mutanen da aka sa masu sarauta su tattaro aka shimfiɗa shi. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos ba da son ransu ba. Wanda ya san gayya ta gaskiya ya san bambancin: ita gayya mai gona ne ke roƙonka, kuma gobe zai zo taka.

A wannan yanayi Malam Aminu ya fara aiki. An haife shi a 1920, ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, ya je karatu Landan a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. Ma'aikaci ne kamar ni da kai, mai jiran ƙarshen wata. A watan Agustan 1950 abubuwa biyu suka faru. Ranar 8 ga wata matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. A cikin watan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul. A watan Nuwamba Malam Aminu ya ajiye aikin gwamnati, ya kuma bayyana dalilansa a jaridar Daily Comet.

Kada wani ya ce na ce Malam ya bar aiki saboda anko. A'a. Abin da suka yaƙa ya fi haka girma nesa ba kusa ba: zalunci a kotu, haraji, bulala, ɗauri. Amma ku tambayi dattawan unguwar nan da me aka fi gane ɗan NEPU. Za su ce maka ba ya faɗuwa ƙasa gaban mai sarauta, ba ya tuɓe takalmi daga nesa. Wato sun ƙi ladabin da ake karɓa da tsoro. Da yawa sun sha ɗauri, ma'aikatan En'e da aka gano suna tare da su kuma sun ga takura, wasu sun rasa aikin. Su ma ana ce musu marasa kunya, marasa tarbiyya, masu raba kan jama'a. Kalmomin da ake jifan ƙanena da su a ofis, jikokin waɗancan ne: "ba shi da haɗin kai", "girman kai gare shi".

En'e ta tafi. An karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannunta bayan juyin mulkin 1966, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Amma ɗabi'ar tara mutane don a nuna ana tare da mai gida ba ta bi ta ba. A Nijar, Seyni Kountché da ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya ya mai da ita hannun gwamnati, ana fitar da matasa aikin gayya da taryen baƙi. A nan gida, a watan Maris na 1998 an kwashi mutane a motoci daga jihohi zuwa Abuja, gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu, wai ana roƙon Janar Abacha ya zarce. Wata uku bayan nan Allah ya karɓi ransa, taron ya watse kamar ba a yi ba. Mu Kanawa kuma ba sai an tuna mana zamunan da launin hular ma'aikaci ke iya gyara masa zama a ofis ko ya ɓata ba. Ban ware kowace gwamnati ba, kowa ya yi nasa.

Ga wani abin da ya kamata mu yi alfahari da shi. Hutun ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, a Nijeriya daga gwamnatin PRP ya faro. Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya soke haraji da jangali da hawansa a 1979, ya ba da hutun a Kano a 1980, sannan gwamnatin tarayya ta Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Ita ranar asalinta yajin aikin da ma'aikatan Amurka suka yi a 1886, musamman a Shikago, suna neman a tsaida aiki a awa takwas. Ma'anar awa takwas ɗin ita ce, in ka tashi daga aiki sauran lokacin naka ne, kai da iyalinka da ibadarka. To in Asabar ɗinka ta koma ta walimar oga, Lahadi ta ɗaurin auren 'yar ƙanwar oga a wani gari, ina awannin da aka yi wa faɗa?

Ba mu kaɗai ba ne. A Japan akwai zaman shaye-shaye bayan aiki da suke kira nomikai, wanda matasansu da yawa yanzu suke gudu. A Faransa wani ma'aikacin kamfani a Faris an kore shi a 2015, cikin dalilan har da ƙin shiga shagulgulan kamfanin. Ya kai ƙara, a watan Nuwamban 2022 babbar kotun ƙasar ta ce yana da 'yancin ƙin shiga. Shekara bakwai yana shari'a kan abin da ƙanena ke tsoron furtawa a group. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ma, a sashe na 5, ta taƙaita abin da mai aiki zai iya yanka daga ladan lebura. Shi ya sa ba a cika yanka a albashi ba. Jerin sunaye ake yi, kunya ta yi sauran aikin. Malamanmu kuwa sun daɗe da faɗa cewa dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunyar hanawa, ba da daɗin rai aka ba da shi ba.

Zan yi adalci. Ranar da mahaifinmu ya rasu, abokan aikina ne suka fara cika ƙofar gidanmu, kuma abin da suka haɗa shi ya riƙe mu kwana bakwai. Na san masinjan da gudummawar ofis ta biya wa matarsa kuɗin tiyata. Na san shugabannin da ke zuwa sunan ɗan direbansu su zauna a tabarma. Wannan ita ce gayya, Allah ya bar mu da ita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu da irin wannan taimakon muke numfashi. Ni abin da nake tambaya kawai: ina kuɗin ke nufa? In mai shara da darakta za su ba da dubu goma-goma don a saya wa darakta agogo, wannan gaisuwa ce ta zamanin da, ta sa shadda. Sannan ku tuna da mata. Mai shayarwa, ko wadda sai ta nemi izinin mai gida kafin ta fita taron dare, ko wadda kuɗin ankon ne kuɗin makarantar ɗanta, ita ce ta farko da za a ce ba ta shiga mutane.

Gyaran ba shi da wuya, in ana so. A daina jera sunayen waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba, a bar mutum ɗaya amintacce ya karɓa a rufe. In taron na aiki ne, a yi shi a lokacin aiki, da kuɗin ofis. Anko ya zama na mai so. Gudummawa ta fi ƙarfi wajen rashin lafiya da rasuwa da haihuwar ƙananan ma'aikata. Mafi muhimmanci, shi oga da bakinsa ya ce bai yarda a karɓi kuɗin na ƙasa da shi don a karrama shi ba. Kalma ɗaya daga gare shi ta fi ƙorafin mutum hamsin, domin sau da yawa ba shi ya nema ba, 'yan fadanci ne ke neman wajen zama da aljihun wasu.

Ƙanena dai na ce masa ya samu oga ranar Juma'a, ya yi masa murna baki da baki, ya yi masa addu'a, ya gaya masa Asabar zai je wajen mahaifiyarsa, kuɗin kuma na haihuwa ne. Ban ce masa ba abin da zai biyo baya ba, don ban isa in yi masa wannan alkawarin ba. Mai yiwuwa a fahimce shi, mai yiwuwa a riƙe shi a ciki har lokacin ƙarin girma. Ya yi shiru, ya ce zai kwana da maganar.

Ku da kuke aiki, gwamnati ko kamfani ko makarantar kuɗi, yaya abin yake a wajenku? Nawa kuka kashe a anko da gudummawar ofis a bana, kuma nawa ne a ciki kuka bayar da zuciya ɗaya? Ku faɗa mana, amma dan Allah kada a kama sunan kowa ko na wata ma'aikata.

Allah ya jiƙan Malam da sauran magabatanmu, ya ba mu abin yin zumunci da halal ɗinmu.