Masu duba lafiyar gini: shin ya kamata gwamnati ta wajabta musu lasisi?

Mai duba lafiyar gini shi ne ƙwararren da mai sayen gida ko mai neman haya yake ɗauka ya biya, domin ya bincika ginin tun daga harsashi har zuwa rufi kafin kuɗi su fita daga hannu. Yakan duba ginshiƙai da bango da wayoyin lantarki da bututun ruwa da masai, sannan ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. A Amurka da Kanada wannan sana'a ce mai zaman kanta. A Najeriya babu dokar tarayya da ta ware ta ko ta tanadi lasisi na musamman dominta, saboda haka duk wanda mai saye ya amince da shi, injiniya ne ko birkila ko dillali, shi ne mai duba gida a ranar.

Batun ya shafi kowa, amma ya fi tsanani ga Hausawan da ke zaune a Fatakwal da Anacha da Inugu. Zaman nasu ba na jiya ba ne, domin kuwa Malam Umaru Altine, Bafulatanin da ya fito daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Duk da haka, da yawa daga cikin masu sana'a a Diobu da Oyigbo, ko kewayen Titin Bida a Anacha, ko Asata da Gariki a Inugu, haya suke yi, kuma ta hannun dillali ko ɗan'uwa suke samun ɗaki ko shago. Idan rigima ta taso sai a tafi gaban Sarkin Hausawa. Sarkin na iya sasanta batun la'ada da kuɗin haya, amma ba aikinsa ba ne ya san ko rodin da ke cikin ginshiƙi ya kai kaurin da ake bukata.

Sannan ƙasar ba irin wadda baƙo ya saba da ita ba ce. Ruwan saman da ake samu a Fatakwal a shekara ya haura ninki biyu na wanda ake samu a Kano, kuma unguwanni da dama a kan fadama aka cike aka gina su. Anacha tana bakin kogin Kwara, ta sha ambaliya a 2012 da 2022, ga zaizayar ƙasa, ga benaye masu hawa huɗu da biyar a jere. A wasu sassan Inugu kuwa akwai laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, har ta tsaga bango. Mutumin da ya iya gane gidan ƙasa mai ƙwari a Katsina da kallo ɗaya, yana iya shiga bene mai sabon fenti a Fegge bai ga komai ba.

Duba-gari da majalisun ƙwararru

Dattawa na tunawa da duba-gari, jami'in tsafta da ke shiga gida ya leƙa randa da kwata da masai, wanda Yarbawa ke kira wole-wole. Magadansa na yau suna da rajista a ƙarƙashin majalisar da dokar 2002 ta kafa domin jami'an lafiyar muhalli. Wato ke nan shigar mai lasisi gida domin dubawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sai dai hurumin duba-gari tsafta ce, ƙarfin gini ba ya ciki.

Shi ƙarfin gini an rarraba shi tsakanin majalisu da dama. ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu zanen gini rajista. COREN ta injiniyoyi ta biyo baya a 1970, aka kuma yi wa dokarta gyaran da ya ƙara mata iko, wanda aka sa wa hannu a 2019. ESVARBON ta masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye ta zo a 1975, sai CORBON ta magina masu takardar ilimi a 1989. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa. A takarda dai babu abin da ya rage.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 a ƙarar da Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, inda ta ce tsara birane da bayar da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka kundin 2006 ba ya da haƙora a jiha sai majalisarta ta mayar da shi doka. A Ribas ma'aikatar tsara birane ce ke bayar da izini, a Anambra hukumar tsara gine-gine ta jiha, a birnin Inugu kuma hukumar ECTDA. Dukkansu sun fi mayar da hankali kan ginin da ake kan yi. Gidan da ya shekara arba'in, aka ƙara masa hawa biyu, aka yanka ɗakunansa zuwa shaguna, yana iya sauya hannu sau uku babu wanda doka ta tilasta wa ya duba shi. Ƙa'idar cinikin gida da ƙasar nan ta gada daga Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Ɗan kasuwar da ya tashi da sanin cewa a fiƙihun Malikiyya ana iya mayar da gida idan babban aibi ya bayyana bayan ciniki, zai tarar kotun Anacha ba da wannan ma'aunin take aiki ba.

Ko ginin da ake kan yi ma bai tsira ba. A ranar 23 ga Nuwamba, 2018, bene mai hawa bakwai ya rufta a Titin Woji da ke unguwar GRA ta Fatakwal, ya danne ma'aikata, aka rasa rayuka. Kwamishinan raya birane na jihar, Dakta Reason Onya, ya ajiye muƙaminsa bayan 'yan kwanaki, gwamnatin Nyesom Wike kuma ta kafa kwamitin bincike na shari'a. A watan Fabrairun 2024 wani ginin ya faɗi a kasuwar Ochanja ta Anacha. A irin waɗannan wurare, 'yan dako da leburori da masu ƙananan sana'o'i ne ke ƙarƙashin kankare, kuma 'yan ci-rani na da yawa a cikinsu.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Jihar Texas ce ta fara sa ido kan masu duba gidaje a Amurka a 1985, ta kuma wajabta cikakken lasisi a 1991. Yau fiye da rabin jihohin ƙasar na bukatar lasisi, amma Kalifoniya, duk da yawan jama'arta, ba ta bukata, Kansas kuwa ta bar dokarta ta mutu a 2013. A Kanada, lardin British Columbia ya fara a 2009, Alberta ta bi a 2011. Scotland ta ɗauki wata hanya: tun Disambar 2008 mai sayar da gida ne ke kawo rahoton ƙwararre kafin ya sa gidan a kasuwa. Ingila ta gwada tilasta wa mai sayarwa haɗa takardun bayanin gida a 2007, ta dakatar a 2010 saboda ƙorafin tsada da jinkiri. Sai da gobarar benen Grenfell ta kashe mutum 72 a 2017 kafin ta yi dokar 2022, wadda ta wajabta wa jami'an duba gini yin rajista daga 2024.

Darasin da ya fi dacewa da Najeriya yana Turkiyya. Bayan girgizar ƙasar 1999 an yi doka a 2001 da ta damƙa duba gine-gine ga kamfanoni masu lasisi. Amma ɗan kwangila ne ke zaɓar kamfanin da zai duba shi, wanda kuwa aka zaɓa yau yana son a sake zaɓarsa gobe. Sai a 2019 aka koma raba aikin ta na'ura ba tare da zaɓin mai gini ba. Girgizar ƙasar 2023 ta kashe fiye da mutum 50,000 a ƙasar, aka kuma gurfanar da 'yan kwangila da dama. Lasisi yana nan tun 2001, bai hana ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan lasisi na cewa mai saye ba shi da hanyar rarrabe ƙwararre da ɗan bumburutu, kuma kuskure a nan rai yake ci. Lasisi na kawo jarrabawa da rajistar da kowa zai iya dubawa, da kuma abin da za a ƙwace idan mutum ya yi ƙarya. Wannan na ƙarshen shi ne mafi nauyi. Birkilan da ya ce gida lafiya lau, gidan ya faɗi, ba ya rasa komai sai suna, kuma yana iya komawa wani gari.

Masu adawa ba su rasa abin faɗa ba. Sabon lasisi na nufin sabuwar hukuma da sabon haraji, kuma ɗan haya ne zai biya a ƙarshe. Wanda ke neman ɗaki ɗaya a Diobu ba zai ɗauki injiniya ba. Akwai kuma tsoron da mazauna Fatakwal suka sani tun rusau ɗin unguwar Njemanze a 2009 da na Abonnema Wharf a 2012: takardar da ta ce gida ba shi da lafiya tana iya zama hujjar kora, kuma baƙo ne kan fara tattara kayansa. Jami'i mai hatimi a unguwar baƙi yana iya zama wani mai karɓar na goro.

A ganin wannan marubuci, amsar ita ce e, amma a taƙaice ta. Duk wanda zai sa hannu a takarda cewa gini zai ɗauki nauyin da ke kansa, dole ya kasance mai rajista, kuma ba sai an ƙirƙiro wata majalisa ba tunda COREN da CORBON na nan. Abin da ya rage shi ne jihohi su fayyace lokacin da dubawar ta wajaba: sayar da bene, ƙara hawa, ko mayar da gida shaguna ko makaranta. Ruftawar makarantar Saints Academy a Jos a ranar 12 ga Yulin 2024, wadda ta kashe mutum 22, ta nuna tsohon gini na bukatar ido kamar sabo. Kuɗin ya fito daga mai gida, amma kada shi ya zaɓi mai duba shi. Idan rahoto ya hana zama a gini, a ba 'yan haya wa'adi a mayar musu da ragowar kuɗinsu. Duba famfo da kwata da yoyon kwano a ɗakin haya kuwa, a bar wa mai sana'ar da aka yarda da shi.

Legas ta fara taka wannan hanya bayan benen Ikoyi mai hawa 21 ya rufta a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe fiye da mutum 40: hukumarta ta LASBCA na tantance ƙwararru masu zaman kansu su taya ta duba gine-gine. A Ribas da Anambra da Inugu, majalisun dokokin jihohin ne ke da ikon yin irin wannan doka. Kafin nan, ƙungiyar 'yan kasuwa da ke shirin sayen bene ko kama jerin shaguna tana iya haɗa kuɗi ta ɗauki injiniyan gini, ta nemi lambar rajistarsa ta COREN ta tabbatar da ita a wurin majalisar, ta karɓi rahoto mai hatimi da kwanan wata, sannan ta nemi mai gida ya nuna takardar izinin gini domin a ƙirga ko hawan da aka amince da su sun yi daidai da waɗanda ke tsaye.