Tarihin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Kwaikwayo

Ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo su ne kan jirgi da taragun da ake ƙerawa da siffar na gaske, a ƙanƙance, har su riƙa gudu a ɗan layin dogo bisa tebur. Waɗanda masana'anta ke sayarwa a haɗe, daga kwali sai kan dogo, su suka cika kasuwa a yau. Tun farko ana ta fama ne tsakanin kama da na gaske da kuma abin da aljihun mai saye zai ɗauka.

Asalinsu kayan wasan yara ne na kwano, ana yi musu wani kamar agogo. Kamfanin Märklin na Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya nuna dogo mai tsayayyen faɗi a baje kolin Leipzig a 1891, yadda mutum zai sayi jirgi bana, ya ƙaro tarago baɗi, su dace. Lionel ya biyo baya a Amurka a 1900, sai jiragen Hornby a Ingila a 1920. A zamanin ba a damu da awo ba. Gajarta tarago ake yi don ya iya shan kwana.

Da aka koma lantarki, aka kuma ƙanƙanta jiragen, sai girman inji ya kawo cikas. Ma'aunin HO, wato kashi ɗaya cikin 87 a kan dogo mai faɗin milimita 16.5, ya karɓu a Turai da Amurka. Jiragen Birtaniya na gaske kuwa ba su kai na can girma ba, don haka injin lokacin ya ƙi shiga cikinsu. Sai maƙera suka ƙara wa gangar jikin girma zuwa kashi ɗaya cikin 76, suka bar dogon yadda yake. Wannan shi ne ma'aunin OO, wanda jiragen Hornby Dublo suka yaɗa daga 1938. Bisa lissafi, ya kamata faɗin dogon ya zama milimita 18.83. Duk wanda ya durƙusa ya dubi kan jirgin OO ta gaba zai ga ƙafafun sun matsu a ƙarƙashinsa. Injuna sun daɗe da ƙanƙancewa, amma har yau OO ne ya fi yawa a Birtaniya, domin jama'a sun riga sun zuba kuɗi a kansa. A Amurka ma kamfanin Athearn ya yi shekaru yana faɗaɗa jikin wasu jiragen dizal ɗinsa saboda inji.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai neman daidaito sai dai ya sayi na tagulla da ake haɗawa da hannu a Japan, daga baya a Koriya ta Kudu, da ɗan karen tsada. Roba ce ta sauko da farashi tun shekarun 1950, kodayake tsani da marikin hannu a manne suke fitowa da jiki.

Taragun kaya sun fi shan wulaƙanci. Kamfani zai zuba tarago samfuri guda, ya shafa masa launi da sunan reluwe iri-iri, har da waɗanda ba su taɓa mallakar irinsa ba. Wannan ha'inci ne ga mai son tarihi, ko da fentin ya yi kyau.

Komawar aiki China a shekarun 1990 ta sauya al'amarin. Yanzu ana ɗora marikin waya ɗaya bayan ɗaya, a buga lambar tarago da rubutun da sai da tabarau ake karantawa, a sa fitila da ƙarar inji. Farashi ya hau, kayan kuma ba su jure hannun yaro. Athearn ya daina sayar da arahan taragunsa na shuɗin kwali, waɗanda mai saye ke haɗawa da kansa, a 2009.

Daraja a wurin masu tara tsofaffi daban take. Kwalin asali da fentin da ba a taɓa ba sun fi daidaito tasiri, kuma wasu na da suna rububbushewa saboda darma ta gurɓata ƙarfen da aka zuba su. Ga mai son ya ga jirgi yana aiki, matsakaicin na yau ya fi na tagullar jiya tafiya sumul, kuma ya fi shi araha.